An yaba mana da rahoton da na san akwai kuskure a ciki: in gyara ko in yi shiru?

Wata 'yar'uwa ta rubuto mini daga wata ƙaramar hukuma a Arewa maso Yamma, ta kuma roƙi a sakaya sunanta. Shekara biyu ke nan tana aikin shigar da rahotannin wata-wata na ƙananan asibitoci 31 cikin DHIS2, wato rumbun bayanan lafiya da Najeriya take amfani da shi. A taron bita na zangon wata uku da ya wuce an yaba wa ƙaramar hukumarsu a gaban jama'a, domin rahoto ya nuna cewa allurar Penta ta uku, wato zagaye na uku na rigakafin da yake kare jarirai daga cututtuka biyar, ta kai kashi 112 cikin 100 na yaran da ake sa ran yi wa. Bayan mako biyu, tana cikin shirya wani rahoton daban, sai ta lura cewa wani asibiti da bai taɓa wuce yara 40 a wata ba ya nuna 380 a watan Maris. Da ta zaro fom ɗin sai ta ga 38 aka rubuta, ita ce ta ƙara sifili da hannunta. Da ta ci gaba da dubawa kuma, sai ta tarar da wani asibitin da kowa ya san an rufe shi tun bara saboda rashin tsaro, amma fom ɗinsa bai taɓa fashin zuwa ba. Ta sanar da shugaban sashensu, ya ce mata abin da ya wuce ya wuce, kada ta tono musu abin da zai zubar da mutuncin ofis. Ta ce barci ya ƙaurace mata, tana tsoron ta gyara a ce ta yi wa shugabanta tawaye, tana kuma tsoron ta yi shiru wata rana a gano.

Ƙanwata, wa alaikumus salam. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da na fara lura da shi shi ne kin haɗa abubuwa uku wuri guda kin ɗora wa kanki, alhali nauyinsu ba ɗaya ba ne. Sifilin da kika ƙara kuskuren yatsa ne, kuma babu wanda ya taɓa shigar da fom 31 a kowane wata, kowanne da gurabe masu yawan gaske, bai taɓa yin irinsa ba. Asibitin da aka rufe amma yake ci gaba da aiko da alƙaluma wata magana ce daban, wadda ba ke kika haddasa ta ba, kuma ba ke kaɗai za ki warware ta ba. Maganar shugabanki kuwa ita ce ta hana ki barci, amma a ganina ita ce za ta fi sauƙi idan kika bi da na farko da na biyu yadda ya kamata. Amsata a taƙaice ita ce ki gyara, sai dai kada ki gyara a ɓoye, kada kuma ki gyara daga kan allon kwamfuta.

Kafin mu shiga yadda za a yi, ya kamata ki san dalilin da ya sa ban ba ki shawarar yin shiru ba, ko da yake na san shirun ya fi kwanciyar hankali a wannan makon. A tsakanin 2016 da 2017 an gudanar da wani babban bincike na gida-gida a Najeriya, inda aka duba katin yara aka kuma tambayi iyaye mata, sai aka gano cewa kashi 33 cikin 100 na yara ne kawai suka sami Penta ta uku a faɗin ƙasar, a jihar Sakkwato ma kashi 3 ne kacal. A daidai lokacin, rahotannin da suke fitowa daga asibitoci zuwa ƙananan hukumomi zuwa jihohi suna nuna fiye da ninki biyu na wannan adadi na ƙasa. Wannan tazara tana cikin abubuwan da suka sa Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa ta ayyana halin ko-ta-kwana a kan rigakafin yau da kullum a 2017. Babu wani mutum ɗaya da ya zauna ya ƙirƙiro waccan tazara. Ta taru ne daga ɗaruruwan ofisoshi irin naki, inda wani ya ƙara sifili, wani ya kwafi na watan jiya, wani kuma ya gani ya ce abin da ya wuce ya wuce. Ita kuwa Penta, kin fi ni sani, tana cikin abin da yake kare yaro daga mashaƙo, cutar da ta ɓarke a ƙarshen 2022 ta yi tsanani a 2023, Kano ce kuma ta fi kowace jiha shan wahalarta, yawancin yaran da suka kamu ba su kammala rigakafi ba. Ƙaramar hukumar da takarda ta ce ta kai 112 ba za a sa ta a sahun gaba ba idan ana rabon motar fita ƙauyuka ko ƙarin ma'aikata, domin a idon mai rabo ta riga ta gama aikinta.

Ki duba ma girman abin da sifili ɗaya ya yi. A ce mutanen ƙaramar hukumarku 250,000 ne. Lissafin da ake bi a tsarin rigakafi shi ne yara 'yan ƙasa da shekara ɗaya kashi 4 ne cikin 100 na jama'a, wato 10,000 a shekara, 2,500 a zangon wata uku. Bambancin 380 da 38 yara 342 ne, wanda a kan 2,500 ya kusan kai maki 14. Ma'ana, wannan sifilin kaɗai zai iya zama shi ne ya ɗaga ku daga kusan 98 zuwa 112, tun kafin a taɓo maganar asibitin da aka rufe. Na kawo wannan ne domin ki daina kallon abin a matsayin ƙaramin tabo da za a iya rufewa, ki kuma ga cewa yabon da shugabanki yake karewa ba a kan ƙasa mai tauri yake tsaye ba. Duk ƙwararren jami'in ƙididdiga na jiha da ya ga adadi ya haura 100 ya san akwai abin bincike, ko dai a yawan yaran da aka ce an yi wa allura, ko a yawan da aka ƙiyasta.

To yaya za a gyara? Na ce kada ki gyara daga kan allo, domin allo shi ne mataki na huɗu, ba na farko ba. Yaro yana fara shiga rajistar rigakafi ne a asibiti, a yi masa tsinke a takardar kirge ta ranar, a ƙarshen wata a tara tsinkayen a fom ɗin taƙaitawa, sannan fom ɗin ya iso teburinki. Kin ga 38 a fom kin ɗauka ita ce gaskiya, amma ita ma 38 ɗin ba ki da tabbacinta sai kin je kin gani. Saboda haka ki nemi izinin ziyartar asibitin, ko ki bi jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma ranar da zai je duba aiki, ki zauna da mai kula da asibitin ku ƙirga yaran da suka karɓi Penta ta uku a watan Maris ɗaya bayan ɗaya, daga takardun kirge da kuma rajista. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da ma'auni mai sauƙi na wannan aiki: a raba abin da aka sake ƙirgawa da abin da aka aika a rahoto, idan sakamakon ya faɗa tsakanin 0.9 da 1.1 ana ɗaukarsa abin karɓa, idan ya fita daga nan akwai matsala. In kin ƙirga kin sami 36 ko 39, to fom ɗin yana kan hanya, sai a daidaita shi, mai kula da asibitin ya sa hannu da kwanan wata a gefen gyaran. A ja layi ɗaya a kan tsohon adadi yadda za a iya karanta shi, kada a goge, kada a shafe da farin ruwan gyara.

Sai bayan wannan ne za ki buɗe kwamfuta. Ki sani cewa DHIS2 ba ya mantuwa. Manhajar, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway take jagorantar ginawa, tana ajiye tarihin kowane gurbi: abin da yake ciki a da, abin da aka mayar da shi, asusun wanda ya canza, da ranar da ya canza. Wannan ya sa gyaran ɓoye ya fi barin kuskuren haɗari a gare ki, domin ranar da mai bincike zai ga an sauya 380 zuwa 38 bayan taron bita, da asusunki, babu wani bayani, tambayar da zai yi ba ta kuskuren yatsa ba ce. A gurbin akwai wurin rubuta sharhi, sai ki rubuta a taƙaice cewa kuskuren shigarwa ne, an tabbatar da adadin daga rajista a rana kaza, tare da wane mai muƙami kaza. Idan kuma an riga an kulle watan, kada ki nemi wata hanya ta bayan gida, ki rubuta wa jami'in bayanan lafiya na jiha ta hannun shugabanki a buɗe miki. Wani abu kuma da yake rikita sababbin ma'aikata: bayan kin gyara, za ki iya buɗe jadawalin rahoto ki ga tsohon adadi yana nan daram. Ba gyaranki ne bai shiga ba, jadawalin ne ba ya sabuntuwa sai manhajar ta sake tattara lissafinta, wanda galibi da dare ake saita shi. Ki jira washegari ki sake dubawa kafin ki ɗaga hankalinki ko ki sake shigarwa.

Maganar asibitin da aka rufe ta fi bukatar taka-tsantsan, kuma a nan ina roƙonki ki riƙe harshenki har sai kin riƙe hujja. Ruwa ba ya tsami banza, amma dalilin tsaminsa ba lallai ne ya zama wanda kike zato ba. Yana yiwuwa ma'aikatan sun bi jama'arsu zuwa garin da suka yi gudun hijira, suna yi musu allura a can, suna kuma rubutawa da sunan tsohon asibitinsu, wanda aiki ne na gaskiya da ya cancanci yabo, illa dai a tabbatar asibitin garin da suka sauka bai sake ƙirga yaran ba. Yana kuma yiwuwa wani ne yake zama a ƙarƙashin bishiya ya cika fom domin kada a ce ya bar bakin aiki a tsayar masa da albashi ko kuɗin fita. Hanyar bambancewa ba ta bukatar ki tuhumi kowa. Ki je wurin jami'in da yake kula da ɗakin sanyi na rigakafi ki duba littafin fitar da kaya: kwalba nawa ta Penta wannan asibiti ya karɓa a cikin watannin nan? Kwalbar da aka saba rabawa tana ɗauke da allurar yara 10, kuma babu yadda za a yi wa yara 90 allura da kwalba 3. Idan littafin ya nuna ba su karɓi komai ba tun bara, to alƙaluman da kansu sun yi magana, ke kuwa abin da za ki yi kawai shi ne ki ajiye takardun biyu kusa da juna a gaban mai yanke hukunci.

Ko wace ce gaskiyar, jerin asibitocin da yake cikin rumbun yana bukatar sabuntawa, kuma wannan ɓangare ne na aikinki da mutane da yawa suke mantawa da shi. Rahoto yana tsufa ta hanyoyi biyu: ta alƙaluman da ba a gyara ba, da kuma ta jerin da aka gina shi a kai. Asibitin da aka rufe ya kamata a rubuta wa jiha a sa masa ranar rufewa, ba a goge shi ba, domin tarihinsa na shekarun baya ya zauna, kuma ya daina shiga lissafin waɗanda ake jiran rahotonsu. Sabon asibitin da aka buɗe, ko na kuɗi da ya fara yin rigakafi, ya kamata a shigar da shi, in ba haka ba yaransa za su ɓace ko a cusa su a fom ɗin maƙwabci. Ki kuma bambanta sifili da gurbin da aka bari babu komai, domin asibitin da ya buɗe bai yi wa kowa allura ba daban yake da wanda bai aiko da rahoto ba, kuma ya danganta da yadda aka saita gurbin, manhajar ba koyaushe take ajiye sifilin ba. Saboda haka ki riƙe ɗan littafi naki na kanki, inda za ki rubuta wane asibiti ya kawo fom, a wace rana, da wanda ya kawo.

Yanzu ga shugabanki. Ban ɗauke shi mugun mutum ba, kuma ina ba ki shawara kada ki ɗauke shi haka. Mutum ne da aka tafa masa a gaban takwarorinsa, yanzu kuma ƙaramar ma'aikaciyarsa ta zo ta ce tafin na kuskure ne, ga shi kuma kin faɗa masa da baki, ba tare da takarda ba, ba tare da mafita ba. Ki koma masa a lokacin da yake shi kaɗai, da takarda shafi ɗaya. Ki fara da naki laifin, domin wanda ya fara da nasa ba a cika yi masa kallon mai neman tona asirin wani ba. Ki ce masa, ranka ya daɗe, kuskuren daga hannuna ya fito, manhajar kuma tana riƙe da tarihinsa, idan jiha ko abokan hulɗa suka zo tantance bayanai za su gani, na fi son mu ne muka gano muka kai, da a ce su ne suka gano suka kira mu. Ki ba shi damar ya zama shi ne zai sa hannu a takardar neman gyara, ya kuma zama shi ne zai faɗa a taro na gaba cewa ofishinsa ya binciki kansa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma shugabanni da yawa suna karɓar gyara idan aka bar musu mutuncin gabatar da shi.

Idan ya ƙi, kada ki yi gardama, kada kuma ki kai ƙararsa a zauren WhatsApp na ma'aikata. Ki miƙa takardar ta hanyar ofis, a buga mata hatimin karɓa, ki riƙe kwafi. Kuskuren da kika yi da hannunki hakkinki ne ki gyara shi, domin daidaiton abin da aka shigar da asusunki yana wuyanki, kuma za ki iya faɗa masa hakan cikin ladabi. Maganar asibitin da aka rufe kuwa wurinta taron tantance bayanai ne da ake yi da masu kula da asibitoci kafin a rufe rahoton wata, inda za ki kawo ta a matsayin tambaya, a rubuta ta a cikin bayanan taro. Daga nan nauyin ya bar kanki. Abu ɗaya ne ba zan sassauta miki a kai ba: kada ki ba kowa kalmar sirrinki, ko da shugabanki ne, ko da kina hutun haihuwa ne, domin duk abin da aka shigar da ita sunanki ne zai fito a kansa.

Saura yadda za ki hana wannan sake faruwa, wanda bai kai wahalar da kike zato ba, illa yana bukatar ki ware rabin yini a kowane wata bayan shigarwa, kafin wa'adin da jiha ta sanya. Ki fitar da jadawalin wata 12 na kowane asibiti a jere, ki bi layi da ido. Da kin yi haka a watan Afrilu, da 380 ta tsaya a tsakanin 35 da 40 kamar raƙumi a cikin tumaki. Ki kwatanta alƙaluman da suke da dangantaka da juna. Ana yin Penta a mako na 6 da na 10 da na 14, saboda haka a tsawon watanni ta uku ba za ta riƙa fin ta farko yawa ba. Ana cire ta uku daga ta farko a raba da ta farko domin a san yawan yaran da suka yanke, idan ya haura kashi 10 cikin 100 akwai aikin bin sawu, idan kuma ya koma ƙasa da sifili wata bayan wata, a fara zargin takarda kafin a yi murna. Haka matan da suka zo awon ciki na huɗu ba za su dinga fin na farko ba. Ki kuma yi hattara da asibitin da yake kawo adadi iri ɗaya wata uku a jere, ko wanda kullum alƙalumansa suke ƙarewa da sifili ko biyar, domin haihuwa ba ta bin tsari irin wannan. Manhajar tana da maɓallin tantancewa da yake nuna wasu daga cikin waɗannan saɓani. Ki danna shi kafin ki danna na kammalawa, ki karanta abin da ya faɗa, kada ki rufe shi don sauri.

Ko bayan kin gyara komai, adadin wasu gundumomi zai iya ci gaba da haura 100, kuma wannan ba lallai laifinki ba ne. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Najeriya ta 2006 ce, duk yawan yaran da ake raba lissafi da shi hasashe ne da aka ɗora a kanta shekara bayan shekara. Garin da ya karɓi 'yan gudun hijira zai nuna fiye da ƙima, ƙauyen da ya watse kuma zai nuna ƙasa da ƙima. Irin wannan ba a gyara shi da canza adadi, ana rubuta bayaninsa ne a ƙasan rahoto domin mai karantawa ya san abin da yake kallo.

Sai gargaɗi ɗaya game da ziyarar da za ki kai. Rajista tana ɗauke da sunayen yara da na iyayensu mata da unguwanninsu, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa. Ki ƙirga a wurin, ki rubuta jimla, ku sa hannu ku biyu. In kina bukatar hoto, ki ɗauki na fom ɗin taƙaitawa da na takardar kirge, waɗanda babu suna a cikinsu, ki bar rajistar a inda take.

Ki fara da littafin ɗakin sanyi, domin yana nan kusa da ke kuma ba ya bukatar kuɗin mota. Bayan shi sai asibitin na watan Maris, sannan takardar shugabanki. In kin ga abin da littafin ya nuna game da asibitin da aka rufe, ki sake rubuto mini, domin shawarar da zan ba ki idan ma'aikatan suna aiki a garin hijira ta sha bamban da wadda zan ba ki idan ba su karɓi kwalba ko ɗaya ba tun bara. Allah ya yi miki jagora.